TANDABAWI, ZANGONMU NA MAKKA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ina so in ba ku labarin wata unguwa a Makka, wadda in an bi asali ita ma zango ce irin namu. Ana ce da ita Tandabawi. Tana yamma da Masallacin Harami, bayan Dutsen Umar, maƙwabtanta su ne Hafayir da Hindawiyya.

Malaman lugga sun ce asalin sunan Tandubawi ne, daga wani icen jeji mai ƙaya da Larabawa ke kira tandub. Watau dā can wurin bayan gari ne, sai ƙaya da duwatsu, inda baƙo marar abin hannu zai kafa bukka ba mai ce masa tashi. Mu mutanen zango mun san irin wannan wuri, don haka aka ba kakanninmu.

Mutanen ƙasashenmu sun daɗe a Makka, ana kiransu Takari. Wani Bature mai suna Burkhardt da ya shiga garin a 1814 ya tarar da su suna dako, suna sayar da itace, suna gina murhun yumɓu. Amma yawansu ya ƙaru ne bayan 1903, shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Jama'a suka yi ta ƙaura gabas. Waɗansu suka tsaya a Mai Wurno, bakin kogin Nilu, waɗansu suka zarce. Hanyar kuwa ta Barno ce, sai Wadai, sai Fashir, sai Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912, har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Mutum ya kan yi shekaru bisa hanya, ya yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, ya tara guzuri, kana ya ƙetare zuwa Jidda. Wanda ya fita gida da jariri a goye, ya kan isa Makka yaron na riƙe masa buta. To, wanda ya sha wannan wahala, ina ƙarfin komowa? Sai ya zauna, ya ce maƙwabtaka da Ɗakin Allah ta ishe shi.

Haka Hausawa da Fulani da Barebari suka cika wannan sashe. Jikokinsu su ne ake yi wa laƙabi da Hausawi, da Fallata, da Barnawi. Har tsirenmu ya zama abincin gari, mutanen Makka na ce masa siriya. Ni dai a ganina wannan shaida ta fi ta takarda ƙarfi.

Bayan da Alhaji Mahmudu Ɗantata ya kafa ƙungiyar jigilar alhazai a Kano a 1948, sannu a hankali jirgin sama ya kashe tafiyar ƙasa, alhaji ya zama mai zuwa ya komo. Daga baya kuma, bayan an kafa kamfanin Ummul Ƙura a 2012, aka rushe gidaje masu yawa a Tandabawi da maƙwabtanta don shimfiɗa hanyar Sarki Abdul'aziz, mai tsawon fiye da kilomita uku da rabi. Mazauna suka watsu cikin waɗansu unguwanni.

Sabo da haka ina roƙon dattawa, duk wanda ke da kaka ko kawu da ya tafi hajji da ƙafa bai komo ba, ya zo makaranta bayan La'asar ya faɗa mini sunansa, da garinsu, da zamanin da ya tashi, in rubuta.