Samanja Mazan Fama da Hausar Bariki

Ran 12 ga watan Nuwamba 2023 Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81. Da labari ya bazu ba safai aka ji ana kiran sunansa na yanka ba, sai dai a ce Samanja ya rasu. Waɗanda suka yi wayo cikin shekarun 1970 da 1980 suka shiga tuna wa juna yadda a kan taru a gidan mai akwatin talabijin guda ɗaya tak a unguwa, yara a ƙasa, manya bisa benci, ana jiran ya fito da kakinsa da tsawarsa. Wannan bege ya dace da shi. Amma abin da mu ke so mu duba a nan shi ne irin bakin da ya yi wasan da shi, gama a ganinmu can ƙarfin wasan ya ke, can kuma tarihinsa ya ke.

Sunan ma kansa aro ne. Samanja shi ne sajan-manjo, watau babba a cikin ƙananan sojoji, wanda ke tsakanin hafsoshi da kurata. Harshen Hausa ya tauna kalmar ya mai da ita tasa, kamar yadda ya yi wa soja da saje da kofur da hafsa da kurtu da fareti da bariki. Waɗannan kalmomi ba jiya suka shigo ba. Tun 1863 wani Bature, Kyaftin Glover, ya tara 'yan Arewa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu, ya kafa ƙungiyar da aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 Ingila ta kafa rundunar Afirka ta Yamma, ta ɗanka wa Lugard. Mutanen da aka ɗauka kuwa ba duka ne Hausawa ba: akwai Barebari da Nufawa da Zabarmawa da Dakarkari da Tibi da sauransu. Ba mai jin harshen wani, sai Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure su, har Turawan hafsoshi ma sai da suka koya. Da ita aka je Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka komo da ita ta ƙara tsintar kalmomi a hanya.

Hausar da ta fito daga wannan tukunya ita ce Barikanci. Ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, sai ka ji an ce mata ya zo. Ba ta rarrabe ƙ da k, ko ɗ da d, karin sauti kuma ta baje shi. Masana nahawu sun daɗe suna yi mata kallon gurɓatacciya, wadda ba ta isa a rubuta ba. Mu dai muna ganin an yi mata rashin adalci, domin harshen da aka ci abinci da shi, aka yi aure da shi, aka mutu da shi a dajin Bama, ya wuce a kira shi kuskure.

To, Usman Baba Pategi bai koyi wannan baki don wasa ba. An haife shi a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin Kwara, cikin gidan sarauta. Ya yi aikin soja, ya ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna. Ka ga ke nan mutumin da ya fi kowa sa Hausawa dariya a zamaninsa ba Bahaushe ba ne, kuma wannan ne ya sa kunnensa ya kama abin da kunnen Bakano ko Bakatsine zai ji ya wuce. Ya san inda soja ke karya kalma, da inda ya ke sako guntun Turanci don ya razana na ƙasa da shi.

Gidan talabijin na Kaduna ya soma aiki a 1962, a 1977 kuma aka haɗa tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA. Tsakanin waɗannan shekaru, a farkon shekarun 1970, wasan Samanja ya ɓullo. Sai mai karatu ya tuna halin da a ke ciki a sa'an nan. Kafin yaƙi sojan Nijeriya ba su wuce kamar 10,000 ba, da aka gama sun kai wajen 250,000. Bariki bai ɗauke su ba, da yawa suka kama haya cikin gari suna makwabtaka da farar hula, mulki kuma yana hannunsu tun 1966 har 1979. Talaka na ganin soja kullum, a kasuwa da tasha da bakin famfo, yana tsoronsa, bai kuwa san yadda ya ke in ya tuɓe kaki ba. Wasan ne ya buɗe masa ƙofar bariki. Ya ga wanda ke daka wa kurata tsawa shi ma akwai wanda ya ke ƙamewa a gabansa, ya ga shi ma yana da rigimar gida da ta aljihu. Dariyar da ba a iya yi wa soja a titi, sai aka yi ta a gaban akwati, sojojin kansu suna cikin masu yi. Daga baya, da aka kai wasan ga ƙasa baki ɗaya cikin shekarun 1980, aka ƙara masa Turancin buroka don na Kudu su ji. Ya sami sababbin 'yan kallo, ko da ya ke a kunnenmu gishirin ya ɗan ragu.

Ba shi kaɗai ya riƙe wannan zamani ba. Akwai Ƙasimu Yero na wasan Karambana, wanda ya rasu a 2017, da Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara, a Jos, wanda ya rasu a 2025. Tun kafin finafinan bidiyo na Kano su soma a 1990, waɗannan ne suka koya wa mutane zama gaban akwati su kalli Hausa.

Abin da ya rage shi ne maganar ajiya. A wancan zamani faifan ɗaukar hoto yana da tsada, gidajen talabijin a ƙasashe da dama su kan share tsohon shiri su ɗora sabo a kansa, wanda ya tsira kuma zafi da ƙura suna cinsa. Barikin yau ba ya magana kamar barikin 1970. Saboda haka duk wani faifan Samanja da ya saura a Kaduna, ko guntun da wani ya ɗora a YouTube, ya cancanci ɗalibanmu su neme shi, su saurara, su rubuta maganar kalma kalma yadda ya faɗe ta, ba tare da sun gyara masa ko harafi ɗaya ba.