Dokar hana shan taba a rufaffun wuraren jama'a: abin da ta ce da wanda take karewa

Hana shan taba a rufaffun wuraren jama'a na nufin haramta kunna sigari, ko shisha, ko lofe, a duk wani wuri mai rufi da bango inda mutane ke haɗuwa domin aiki, ko ciniki, ko neman magani, ko tafiya. Ba doka ce ta raba mutum da taba gaba ɗaya ba. Baligi na da damar ya saya ya sha. Abin da aka hana shi shi ne ya tilasta wa na kusa da shi shaƙar hayaƙin. A Najeriya irin wannan doka ta haura shekara 30 a rubuce, kuma wadda ke aiki yanzu, ta 2015, ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Amma da wuya a ci karo da mai shago ko direban haya da ya san cewa shi ma dokar ta hau kansa, ko da bai taɓa sa kara a bakinsa ba.

Yadda hayaƙin wani ya zama abin doka

An daɗe ana ɗaukar hayaƙin taba a matsayin abin damuwa kawai, kamar ƙura ko wari. Abin ya sauya ne a 1981, lokacin da wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa sakamakon bincikensa a kan dubban matan aure waɗanda ba su shan taba. Ya gano cewa matan da mazajensu ke sha sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe da dama ya tabbatar da haka, ya kuma ƙara da cutar zuciya. A 2006 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya ce zama cikin hayaƙin wasu, a gida ko a wurin aiki, na ƙara haɗarin cutar zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na sankarar huhu kuma da kashi 20 zuwa 30. Rahoton ya ce babu wani ɗan adadi na hayaƙin da za a ce ba ya cutarwa.

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu haddasa sankara. Wanda ke tashi daga bakin karan da ke ci da wuta ba ya bi ta audugar da ke gindin sigari, kai-tsaye yake shiga iskar ɗaki. Ga ƙananan yara yakan tayar da asma, ya jawo ciwon kunne da ciwon huhu. Ga mai juna biyu yakan rage nauyin jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda tabar da wasu suka sha.

Ƙasar Ailan ce ta fara hana shan taba a dukkan rufaffun wuraren aiki, har da mashaya da gidajen abinci, a ranar 29 ga Maris 2004. Sikotilan ta bi sahu a 2006, Ingila a 2007. A Sikotilan likitoci sun lura cewa yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda bugun zuciya ya ragu da kashi 17 cikin 100 a watannin da suka biyo bayan dokar, kuma mafi yawan ragin ya samu ne cikin waɗanda ba su sha. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar yaƙi da taba a watan Mayu na 2006. Alhazai kuwa sun san cewa tun farkon shekarun 2000 Saudiyya ta ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da ba a yarda da taba ba.

Daga dokar soja zuwa dokar 2015

Najeriya ta riga yawancin waɗannan ƙasashe rubutawa. A 1990, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, aka fitar da dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a gidajen silima, da asibitoci, da makarantu, da ofisoshi, da motocin haya. Tarar da ta yanka daga Naira 200 ce zuwa 1,000. Kuɗi ne mai kauri a wancan lokaci, amma faɗuwar darajar Naira ta cinye shi, dokar kuma ta kwanta a cikin littafi.

A 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar taƙaita taba ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Najeriya ta sa hannu a 2004, ta tabbatar da ita a watan Oktoba na 2005. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya wajabta wa kowace ƙasa kare jama'arta daga hayaƙin taba a wuraren aiki, da ababen hawa na haya, da rufaffun wuraren jama'a. Kafin tarayya ta motsa, wasu sun yi gaba: Jihar Kano na cikin jihohin da suka maka kamfanonin taba a kotu a 2007 suna neman diyyar kuɗin jinyar marasa lafiya, Abuja ta sanar da hani a 2008, Legas ta yi tata dokar a 2014. Sai a ƙarshen watan Mayu na 2015, kwanaki kaɗan kafin ya miƙa mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu a kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa. Wani sharaɗi da ke cikinta ya ce sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙa'idojin aiwatarwa, abin da bai samu ba sai a 2019. Shekara huɗu ke nan dokar na tsaye da ƙafa ɗaya.

Ban da batun wurare, dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Sai dai kwali mai kara 20 a rufe. Duk wanda ya san teburin mai taba a bakin tasha ya san matsayin wannan sashe na ƙarshe.

Wane wuri ne na jama'a?

Nan ne gizo ke saƙa. Idan aka ce rufaffen wurin jama'a, hankali yakan tafi ga filin jirgin sama, da otal, da sakatariya. Amma dokar ta fi haka faɗi, kuma ana ganin faɗin nata sosai idan aka auna ta da unguwa irin ta Ƙofar Mazugal, ɗaya daga tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, wadda ke tsakanin Fagge da yankin Dala. Wuri ne na hada-hada daga asuba zuwa dare: ga mayanka a kusa, ga masu adaidaita sahu, ga shaguna a jere, ga rumfunan masu shayi da gidajen kallon ƙwallo, ga kuma lungunan cikin birni da ke farawa da zarar an shiga ƙofa.

Adaidaita sahu na cikin ababen hawan da dokar ta ambata. Direba ko fasinja, babu wanda aka yarje wa ya kunna taba matuƙar akwai wani a ciki, duk da cewa gefen babur ɗin a buɗe yake. Tasha ma haka, ko da fili ce, domin dokar ta haɗa da wasu wuraren da ba su da rufi, irin su tashoshin mota, da wuraren wasan yara, da inda ake sayar da abinci ana ci. Da wannan ma'auni, bencin mai shayi ya shiga. Gidan kallon ƙwallo kuwa, mai rufin kwano da labule a ƙofa, inda samari ke cunkushe na tsawon minti 90 ko fiye, shi ne ainihin irin wurin da aka yi dokar dominsa. Shago mai yaro ɗaya wurin aiki ne, daidai da ofishin babban sakatare.

Har cikin gida dokar ta leƙa. Ta hana shan taba a gidan da wanda bai kai shekara 18 ba ke zaune, sai fa a ɗakin da mai shan ya keɓanta da shi. A gidajen cikin ganuwa, masu kaurin bango da ƙananan tagogi, inda iyali guda kan kwana a ɗaki ɗaya ko biyu, wannan keɓantaccen ɗaki sau da yawa babu shi. Lokacin hunturu kuma, da ake toshe kowace kafa saboda sanyi da ƙura, hayaƙin kara ɗaya yakan kwana tare da masu ɗakin, ya laƙe a katifa da labule.

Nauyin ba a kan mai sha kaɗai yake ba. Mai wuri, ko wanda aka damƙa wa kula da shi, wajibi ne ya kafa alamar hani inda kowa zai gani, ya tsawata wa wanda ya kunna, in ya ƙi ya fitar da shi. Hukuncin mai wurin da ya kau da kai ya fi na mai shan tsanani, kuma idan kamfani ne tarar ba ta gaza Naira 200,000 ba.

Abin da kunya ta riga ta yi

Taba ba baƙuwa ba ce a Kano. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, da ya zo birnin a 1824 ya tarar ana tauna garinta da kanwa, ana kuma rina haƙora da furenta. Malamai sun daɗe suna saɓani a kanta: Ahmad Baba na Timbuktu ya halatta ta a farkon ƙarni na 17, wasu suka karhanta, da yawa daga na yanzu kuma sun haramta saboda cutarwar da ta bayyana. Dokar ba ta tsoma baki a wannan saɓani ba.

Abin da ya fi kowace doka tasiri a ƙasar Hausa shi ne kunya. Saurayi ba ya kunna taba a gaban mahaifinsa, ko surukinsa, ko malaminsa. In ya hango babba tafe sai ya dunƙule karan a tafin hannu, ko ya yar ya take. Ba a sha a masallaci, ba a sha a zauren malam, ba a sha a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, kuma ba a taɓa buƙatar ɗan sanda don tabbatar da haka ba. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin 100 na manyan Najeriya ne ke amfani da taba, adadin da ya yi ƙasa ainun idan aka gwada da na Turai ko Asiya.

Sai dai kunya sama take kallo. Tana kare babba daga hayaƙin yaro, ba ta kare yaro daga hayaƙin babba. Yaron shago ba zai ce wa maigidansa ya kashe taba ba. Kwandasta ba zai faɗa wa direba ba, masinja ba zai faɗa wa darakta ba, matar aure da 'ya'yanta kuma sau da yawa haƙuri ne nasu. Wannan binciken na 2012 ya gano cewa kashi 17 cikin 100 na masu aiki a rufaffun wurare, kimanin mutum miliyan 2.7, suna shaƙar hayaƙin taba a wurin aikinsu, kuma kusan kashi 29 na masu shiga gidajen abinci sun tarar da shi a can. Waɗannan su ne mutanen da al'ada ta bari a baya, kuma su ne dokar ta bai wa bakin magana. Mai saye na iya fita ya tafi wani shagon. Wanda abincinsa ke wurin ba shi da wannan zaɓi.

Ɗakin masu sha, shisha da masu tilastawa

Babban raunin dokar 2015 shi ne ta yarda a ware wa masu sha wani ɗaki a cikin gini. Ƙa'idojin da ƙasashen yarjejeniyar suka amince da su a Bankok a 2007 sun ce babu abin da ke karewa sai hana sha ɗungurungum a cikin gini, domin fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da na'urar zuƙe iska suna rage wari ne, ba guba ba. Hayaƙi na bi ta ƙarƙashin ƙofa da kafar silin, kuma dole wani ma'aikaci ya shiga ɗakin ya share ko ya kai abinci. A ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, dogaro da na'ura ya ƙara zama abin shakka. Masu fafutukar lafiya sun daɗe suna neman a goge wannan sashe.

Shisha ta zo da nata ƙalubalen. Ƙamshin tuffa ko na'ana'a na sa mutane su ɗauka ba taba ba ce, wasu kuma na zaton ruwan da ke cikin tulun yana tace dafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama ɗaya na shisha mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na sigari 100, ga kuma iskar gawayi mai guba da ke cika ɗaki. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya umarci jami'an tsaro su hana shan shisha mai ɗanɗano a wuraren jama'a, a 2021 kuma hukumar kula da yawon buɗe ido ta Jihar Kano ta sanar da haramta ta a otal-otal da wuraren shaƙatawa. Abin lura shi ne, a Kano an fi kallon shisha ta fuskar tarbiyyar matasa, shi ya sa samame ya fi yawa a kanta fiye da sigarin da ake busawa a ofis ko a tasha, alhali huhun na kusa bai san bambanci ba.

Tilasta bin dokar an rarraba shi tsakanin 'yan sanda, da jami'an duba-gari, da hukumomin kare haƙƙin masu saye da na ingancin kaya. Inda gwamnati ta fi nuna ƙarfi shi ne a kan kamfanoni: a watan Disamba na 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da cin kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110 saboda saɓa dokoki, ciki har da ta taƙaita taba. A matakin shago da tasha kuwa, waɗanda ke da ikon da ake ji a kullum su ne shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, da na direbobi, da masu unguwanni. Su ne ke yanka tara a kan wanda ya yi faɗa a layi ko ya tare hanya da kaya, ana kuma biya nan take, ba tare da an je kotu ba.