Dokar UBE Da Makarantun Gwamnati A Fatakwal, Anacha Da Inugu

Shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, shi ne tsarin da makarantun gwamnati ke tafiya a kai daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, ya zama doka a 2004. Dokar ta ce karatun kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba ta ware ɗan asalin jiha da baƙo ba, don haka ɗan mai sayar da albasa a kasuwar Ose haƙƙinsa ɗaya da ɗan maƙwabcinsa Ibo.

Akwai hukunci ma. Uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta a waɗannan azuzuwa kuwa, tararsa na iya kai naira 10,000 ko wata uku. Tarar dai yau ko kuɗin cefane ba ta kai ba.

To ina kuɗin gyara ke fitowa? Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta taɓa kason gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Jihar da ta yi nawa, kuɗinta na kwance a Abuja, rufin aji na yoyo. Shi ya sa ingancin makarantar ɗanka ya fi rataya a wuyan gwamna da hukumar SUBEB ta jiha.

Anambra ce labarinta ya fi shafar mu. Bayan yaƙin basasa, a 1970, gwamnatin Ukpabi Asika ta karɓe makarantun mishan. A 2011 Gwamna Peter Obi ya mayar wa cocin Katolika da na Angilika firamare sama da 1,000, gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamai. Tarbiyya da kula da gini sun inganta, wannan ba a musu. Sai dai uba Musulmi a Bida Road kan tarar makarantar da ta fi kusa da shi a harabar coci take, da addu'ar safe irin tasu, sai ya janye ɗansa ya bar shi a allo kaɗai. Gara ya je ya zauna da hedimasta tun kafin rajista, a fahimci juna kan sallar Juma'a da suturar 'ya'ya mata. Gwamna Charles Soludo kuma ya soke kuɗin makaranta zuwa ƙaramar sakandare a 2023.

A Inugu, Gwamna Peter Mbah ya ba ilimi kashi 33 cikin 100 na kasafin 2024, da shirin gina makarantun zamani 260, ɗaya a kowace mazaɓa. Mutanen Ama Hausa da Gariki su bincika ta mazaɓarsu. A Ribas, Rotimi Amaechi ya gina firamare na zamani ya ɗauki malamai kusan 13,000 a 2013, Nyesom Wike ya haramta karɓar kuɗi a makarantun gwamnati a 2019.

Kowace makaranta ya kamata tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, SBMC, mai iyaye da shugabannin unguwa a ciki. Nan ake maganar malamin da ba ya zuwa, da kuɗin “gudummawa” da ake ƙaƙaba wa yara a bayan fage. Mutanenmu ba su cika zuwa ba, kasuwa ta riƙe su. Sarkin Hausawa ko limamin unguwa na iya tura wakili, ƙorafin da ya fi ƙarfin kwamiti kuma a kai shi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a rubuce, a riƙe kwafi.