Alonzo Church: Shekara 61 a Gaban Allo

Mu da muka tsufa da alli a hannu, ba kasafai muke jin sunan malami a tarihin kwamfuta ba. Sai dai na masu kamfani da attajirai. Shi ya sa muka ga ya kyautu a fitowar bana mu waiwayi wani Ba'amurke, Alonzo Church, wanda ya koyar da lissafi da manɗiƙi tun daga 1929 har zuwa 1990.

Manɗiƙi ba baƙo ba ne gare mu. Shehu Al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kansa, har ya yi jayayya da Suyuɗi game da halaccin karanta shi. Bambancin shi ne su Church sun mai da hujja alamomi, ana sarrafa ta tamkar lissafi.

An haife shi a birnin Washinton a 1903. Ya yi karatu a Jami'ar Firinston, ya sami digirin digirgir a 1927 a hannun Oswald Veblen, bayan shekara biyu kuma ya fara koyarwa a can. A 1932 ya fito da wani tsari da yake fatan ya zama harsashin lissafi baki ɗaya. Ba a je ko'ina ba, a 1935, ɗalibansa biyu, Kleene da Rosser, suka nuna cewa tsarin yana tufka da warwara. Ko mu da muka riƙe makarantun firamare mun san zafin yaro ya gyara wa malami a gaban aji, balle a ce aikin shekaru ne ya rushe. Church bai yi musu ba. Ya zubar da abin da ya lalace, ya riƙe wani ɗan sashe da ake kira lissafin lamda, wato hanyar rubuta kowace ƙa'ida da yadda ake aiwatar da ita daki-daki.

Da wannan sashe ne ya amsa tambayar da David Hilbert na Jamus ya jefa wa masana a 1928: shin akwai hanya guda, wadda idan an bi ta sau da ƙafa za ta tantance ko kowace magana ta manɗiƙi tabbatacciya ce ko a'a? A 1936 Church ya kafa hujjar cewa babu. Ma'ana, akwai tambayoyin da babu na'urar da za ta warware su, komai ƙarfinta, alhali a lokacin ba a ƙera kwamfutar zamani ko ɗaya ba. Cikin shekarar, wani saurayi a Ingila, Alan Turing, ya kai ga amsar ta wata hanya daban. Sai ya taho Firinston ya zauna gaban Church, ya kammala digirinsa a 1938. Yau sunan ɗalibin ya shafe na malamin, amma Church ne da kansa ya fara kiran abin "na'urar Turing" a 1937.

Ɗalibai 31 suka yi digirin digirgir a hannunsa. Cikinsu akwai Michael Rabin da Dana Scott, waɗanda suka sami Kyautar Turing tare a 1976, da John Kemeny, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na BASIC a 1964. Waɗanda suka zauna ajinsa sun ce ba ya fara darasi sai ya goge allo tas, a tsanake, ko da an riga an goge. Mun yarda da wannan ɗabi'a.

Yana cikin waɗanda suka kafa mujallar manɗiƙin alamomi a 1936, kuma ya riƙe sashen bitar rubuce-rubucenta har 1979. A 1967 ya bar Firinston ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, ya ƙara shekara 23, bai ajiye alli ba sai yana ɗan shekara 87. Ya mutu a Jihar Ohayo a watan Agusta na 1995, aka binne shi a Firinston.