Kuɗin hanya: abin da ake karɓa tsakanin Potiskum da Kudu, da abin da doka ta ce

Duk wanda ya sayi nama a Agege ko Sabo ta Badun ya ji tsada, to akwai wani kaso a kuɗin da bai shiga hannun makiyayi ko dillali ko mahauci ba. A harkar shanu ana kiransa kuɗin hanya. Mahaifina fataucin shanu yake yi daga karar Potiskum, wadda ke ci ranar Laraba kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Na sha rako shanu zuwa Legas ta Jebba da Ilori, da Lokpanta a Abiya ta Jos da Makurɗi.

Kuɗi uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai la'ada, haƙƙin dillalin da ya haɗa ciniki, ba mai jayayya da ita. Akwai haraji, wanda ake biya a kara ko wurin duba lafiyar dabbobi a ba ka rasit. Na ukun shi ne na goro: mutum ya tare hanya da ganga ko katako mai ƙusoshi, direba ya miƙo hannu ta taga, a ɗaga masa. Wasu da kaki, wasu da rigar 'yan haraji, wasu kuma zauna-gari-banza ne kawai da sanduna. Wani ma har rasit zai yanka maka, amma shingen gaba ya ce bai san da shi ba.

Me ya sa ake biya? Amsar tana cikin motar. Mai siminti zai iya kashe mota ya kwana uku yana gardama, kayansa ba abin da zai same su. Saniya ba haka take ba. Tafiyar kwana biyu ce zuwa uku, dabbobi a cushe, ba ci ba sha na kirki. Idan aka ajiye tirela a rana awa biyu, mai rauni za ta kwanta, sauran su tattake ta. Da idona na ga yaran mota sun yanka bijimi a bakin titi, aka sayar da shi a wulaƙance, saboda direba ya tsaya musu a kan kuɗin da bai kai na buhun dusa ba. Masu shingen sun san wannan sarai, shi ya sa ba sa ko ɗaga murya, sai dai su ce "faka gefe". Kafin mota ta tashi ma, an riga an ware wa direba kuɗin hanya daban, canji ƙanana. Wato abin ya shiga lissafi kamar kuɗin gas, kuma mai sayen nama ne zai biya a ƙarshe.

A kara da wuya ka ji wani ya kira wannan cin hanci. Cin hanci a bakinmu na manya ne da ke Abuja. Mutumin da ya gama tsine wa ɓarayin gwamnati a wurin mai shayi, shi ne gobe zai yi wa sabon direba faɗa don bai iya sallamar masu shinge ba. Malamai suna wa'azi cewa mai bayarwa da mai karɓa duk an la'ance su, wasu kuma sukan ƙara da cewa wanda aka tilasta don ya ceci haƙƙinsa, zunubin na kan mai karɓa. A nan muke fakewa. Amma tsakani da Allah, ba kullum ne tilas ba. Akwai mai biya don takardun motarsa sun ƙare, ko don ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi bincike a kan cin hanci a 2016 da 2019 da 2023. Na ƙarshen ya nuna cewa cikin waɗanda suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati, kashi 27 cikin ɗari sun ba da cin hanci, kuma tsabar kuɗin da aka bayar a shekarar ya kai kimanin naira biliyan 721. Kashi 70 na waɗanda aka nema a wurinsu sun ce sun taɓa ƙin bayarwa ko da sau ɗaya ne. Masu kai ƙara kuwa kashi 8.6 ne kacal, duk da cewa a 2019 kashi 3.6 ne. Ni dai ina zargin masu ƙin bayarwar nan ba rai suka ɗauko a bayan mota ba.

Doka ba ta yi shiru ba. A 1998 doka mai lamba 21 ta hana kowa, har hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar haraji, da hukuncin tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku. An kafa ICPC a 2000, EFCC ta soma aiki a 2003. A 2012 Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin kwashe shingayen 'yan sanda, kuma waɗanda suka biyo bayansa sun sha maimaitawa, wanda ya isa ya nuna maka yadda umarnin ke ƙarewa. A 2015 aka buɗe sashen karɓar koke-koken jama'a a kan 'yan sanda, CRU. A 2019 ICPC da hukumar farin kaya da ta kiyaye haɗurra sun yi samame a manyan hanyoyi, suka kama jami'an kiyaye haɗurra da kuɗin direbobi a hannu.

Yunƙurin da ya fi girgiza ƙasa daga 'yan kasuwa ya fito. Ranar 25 ga Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu, AUFCDN, ta daina kai kaya Kudu. Ban da diyyar rayuka da dukiya, ta nemi a kwashe shingaye a daina karɓar haraji barkatai. An tare motoci a Jebba, nama da tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabo a Legas, a Arewa kuma kayan gwari suka faɗi warwas. Ranar 3 ga Maris aka janye, bayan gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani.

Tun lokacin mahaifina yake sa duk mai rakiya ya riƙe littafi: gari, lokaci, nawa aka karɓa, da rasit ko babu. Ya ce ƙungiya ba za ta iya kai kuka da "wai" ba. Ni ke tattara littattafan idan motoci sun dawo, kuma layin "babu rasit" ne ke fara cika shafi.