Kumburi: yadda jiki ke kashe wutar da ya kunna da kansa

Idan ƙaya ta soki ƙafa, ko maruru ya fito, wurin yakan yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya yi raɗaɗi. Waɗannan alamomi huɗu, Selsus, wani marubucin Rumawa, ya lissafa su tun ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, kuma har gobe su ake koya wa ɗaliban likitanci. Abin da ya daɗe bai samu bayani ba shi ne ƙarshen al'amarin: me ke sa kumburin ya saɓe? An daɗe ana zaton kamar wutar kara ce, idan makamashi ya ƙare sai ta mutu. Binciken shekaru arba'in da suka wuce ya nuna ba haka ba ne. Jiki ne ke ba da umurnin tsayawa, ta hanyar wasu ƙananan sinadarai da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna.

Da zarar an samu rauni, ƙwayoyin da ke zaune a cikin nama suna sakin sinadaran kururuwa, irin su histamin da furostagilandin da lekotiriyen. Hanyoyin jini sai su buɗe, ruwa ya tsiyayo cikin nama. Cikin ƴan awoyi fararen ƙwayoyin jinin da ake kira nitrofil sun cika wurin. Su ne mafi yawa, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, kuma ɓargo yana ƙera wajen miliyar 100 a kowace rana. Suna haɗiye ƙwayoyin cuta, suna fesa musu guba, amma gubar ba ta bambanta baƙo da ɗan gida. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawawwakinsu ne. Idan aka bar su suna ta kwarara, ɓarnar da za su yi wa nama za ta fi ta cutar da suka zo yaƙa.

A 1984, a cibiyar Karolinska ta birnin Stockholm a Suwidin, Charles Serhan da Mats Hamberg da Bengt Samuelsson suka gano wani sinadari da suka raɗa wa suna lipoksin. Daga kitse ɗaya ake yin sa da lekotiriyen mai kiran yaƙi, amma saƙonsa akasin haka ne: yana hana sababbin nitrofil fitowa daga jini, yana kiran masu share fage. A 2001 rukunin Serhan, wanda ya koma jami'ar Harvard a Amurka, ya nuna wani abu mai ban mamaki. Furostagilandin ɗin nan da ke jawo raɗaɗi tun farko, shi ne kuma ke sa nitrofil su daina yin lekotiriyen su koma yin lipoksin. Wato tun ranar da wutar ta kama aka aika a ɗebo ruwan kashe ta.

Aikin masu share fage

Nitrofil ba su da tsawon rai. Idan sun gama aiki sai su mutu a tsanake, ba tare da sun fashe sun zubar da gubar cikinsu ba. Kafin nan suna sakin wasu sinadarai masu nuna inda suke, sa'annan su juyo da wani kitse da ke ɓoye a cikin fatarsu, fosfatidilserin, zuwa waje. Wannan kitsen tamkar tuta ce mai cewa a zo a ɗauke.

Mai ɗaukewar ita ce makrofaj, babbar ƙwaya mai haɗiya. Élie Metchnikoff, ɗan asalin daular Rasha wanda daga baya ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta Paris, shi ya fara lura da irin wannan haɗiya a 1882 a garin Messina na Italiya, bayan ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku. Ya samu kyautar Nobel a 1908. A 1989 John Savill da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa makrofaj na haɗiye nitrofil da suka tsufa tun ba su fashe ba.

Nan ne gizo ke saƙa, domin haɗiyar ba shara kaɗai ba ce. Makrofaj ɗin da ta haɗiye gawar nitrofil halinta yana sauyawa. Ta rage sakin sinadaran faɗa irin su TNF, ta shiga sakin IL-10 da TGF-beta, masu kwantar da sauran ƙwayoyi da kuma zuga masu saƙa sabon nama. Gawar sojan ita ce takardar sulhun. Daga nan wasu makrofaj su bi hanyoyin ruwan jiki su tafi kaluluwa, wasu su zauna gyara.

Daga shekara ta 2000 zuwa 2009 an ƙara gano wasu dangogin waɗannan sinadarai: rezolbin, da furotektin, da marezin. Jiki na yin su ne daga kitsen omega-3, wanda ya fi yawa a kifi mai maiƙo kamar sardin. Masu sayar da ƙwayoyin man kifi sun yi caraf da wannan labari, amma tallarsu ta riga hujja gudu. Mafi yawan sakamakon daga dabbobin gwaji ya fito, kuma wasu masana na jayayya a kan yawan waɗannan sinadarai a jikin ɗan Adam.

Idan sulhu ya ƙi

Akwai cututtukan da matsalarsu ba tashin kumburi ba ce, rashin saukarsa ne. A cikin kitsen da ke toshe jijiyoyin jini, makrofaj kan gaza kwashe matattun ƙwayoyi, su taru su ruɓe, har wata rana wurin ya fashe ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A gyambon mai ciwon sukari, makrofaj sukan maƙale cikin halin faɗa, shi ya sa gyambon ke ƙin rufewa. Ana ganin irin wannan a wani nau'in amosanin gaɓɓai da ciwon dasashi.

Wannan ya shafi magungunan da aka saba saye ba takardar likita, a kanti ko a hannun masu talla a kasuwa. Tun 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin na aiki ne ta hana yin furostagilandin. Haka ibufurofen da diklofenak. Suna rage raɗaɗi sosai, sai dai sinadarin da suke toshewa yana cikin masu buɗe ƙofar sulhu. Asfirin ya ɗan fita daban, domin a 1995 an gano yana sa jiki ya yi wani nau'in lipoksin. A 2022 masu bincike na jami'ar McGill a Kanada sun ba ɓeraye deksametazon ko diklofenak: raɗaɗin ya sauka da wuri, amma ya daɗe bai rabu da su ba. Sun kuma ga alamar haka a bayanan masu ciwon baya a Birtaniya, ko da yake alama ba hukunci ba ce. Deksametazon da sauran dangin kortizon suna ceton rai a hannun likita, har suna ƙara yin aneksin A1, wani sinadarin sulhu. Shan su na tsawon lokaci, kamar yadda wasu ke yi don neman ƙiba, yana raunana garkuwa, ya ta da sukari, ya jinkirta warkewar rauni.