Daga Falle Zuwa Lambar BVN: Bashi da Tallafi a Ƙasar Dangora

Wanda ya tsaya a Kwanar Dangora lokacin kaka, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, zai ga motoci shaƙe da masara da shinkafa. Abin da ido ba zai nuna masa ba shi ne, buhuna da yawa sun riga sun fita daga hannun wanda ya noma su tun kafin a girbe.

Wannan ba sabon abu ba ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, dillalai suka riƙa raba wa manoma kuɗi tun damina domin su karɓi gyaɗa da kaka. A ƙauye kuwa akwai falle: magidanci ya ci bashin hatsi ko 'yan kuɗi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya da amfanin gona a farashin da mai bashi ya yanka. Haraji na jiransa a gefe, har sai da Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a 1979. Duk da tsananin falle, mai bin bashin maƙwabci ne. Ana iya aika masa dattijo, a roƙe shi ya jira baɗi, kuma kunya kan hana shi kwashe damin ƙarshe.

Malaman Malikiyya ma sun daɗe da rarrabe hannun da ke bayarwa da hannun da ke karɓa. A wurinsu, attajiri ba zai lissafa bashin da yake bin matalauci a matsayin zakka ba, ya ce ya fitar. Hasali ma, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutane takwas da Suratut Tauba ta ambata a cikin masu cin zakka.

Madatsar Tiga da aka kammala a Bebeji a 1974, zamanin Audu Bako, ta kawo noman rani, noman rani kuma ya zo da buƙatar taki da iri da magani, waɗanda ba a samunsu sai da kuɗi a hannu. Daga nan gwamnati ta shiga sahun masu ba da rance. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi, inda Babban Banki ya riƙa ba manomi kayan noma, ya biya da shinkafa. A 2016 aka fara ba gidajen marasa galihu naira 5,000 a wata, a 2018 kuma TraderMoni ta zo da rancen naira 10,000. A bakin jama'a duka sunansu ɗaya: tallafi. Ina ganin a nan gizo ya yi saƙa, domin 'yan siyasa sun ji daɗin wannan ruɗani a lokacin kamfe, ba su damu su warware shi ba.

Ranar 1 ga Agustan 2020 tsarin GSI na Babban Banki ya fara aiki. Da shi, banki na iya cire bashin da aka kasa biya daga kowane asusu da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya ci, ko da a wani banki yake. Da gwamnatin Tinubu ta sanar a 2023 cewa za ta ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, ta asusu aka tsara biya. Ke nan kuɗin da aka turo domin tukunya ta hau murhu, da bashin takin da ambaliya ta tafi da shi, suna iya haɗuwa a ma'aji guda, na'ura kuwa ba ta da dattijon da za a aika mata.

Ingila ta sha irin wannan muhawara a kan tallafinta na Universal Credit, inda gwamnati ke zaftare bashi kafin kuɗi ya isa hannu. Ƙorafi ya sa aka rage iyakar abin da za a cire daga kashi 40 cikin ɗari zuwa 30 a 2019, zuwa 25 a 2021, sannan zuwa 15 a Afrilun 2025. Can ana jayayya ne a kan yawan abin da dole a bar wa mutum ya ci. Manomin Kiru ko na Doguwa, shi a wurin mai POS yake fara jin labari, idan aka duba asusu aka ce masa saura kaza.